"Kun Ji Wane Ya Hwaɗi?": Shanyewar Ɓarin Jiki da Jinyarta a Sarandosa

Wanda ya baro Jega ya miƙi titin da ya gangara kudu zuwa Koko da Yawuri, ba zai yi nisa ba zai shiga ƙasar Maiyama. A cikin mazaɓu 11 na wannan ƙaramar hukuma akwai wadda ta haɗa Sarandosa da Gubba. Ƙasar masarautar Gwandu ce, kuma tun da aka yanki Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, mai neman babban ofis ko babban asibiti Birnin Kebbi yake dosa. Harkar yau da kullum kuwa ta Jega ce. Can ake kai amfanin gona, can ake sayo taki da maganin feshi da atamfar biki. Gaba kaɗan a kan hanyar Sakkwato ga Aliero, garin albasa da masu ɗori.

Mutanen Sarandosa manoma ne. Da damina gero da dawa da wake, idan an kai amfani gida mai ƙarfi ya nemi fadama ko ya tafi cin rani. Babu albashi, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Abin da jikin magidanci ya nema shi iyalinsa za su ci. Shi ya sa ƙalilan ne cikin cututtuka suke firgita gida kamar shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓi yakan kayar da mutum mako guda ya tashi ya koma gona. Wannan ciwo kuwa yakan bar mutum da ransa da hankalinsa da cikinsa mai neman tuwo, ya ɗauke hannun da ke riƙe hauya.

Labarin ba ya son dogon bayani. A ƙofar masallaci ko wurin mai shayi za ka ji an ce, "Kun ji wane ya hwaɗi?" Kowa ya gane irin faɗuwar da ake nufi. Bayan salati wani zai tambaya, "Wane ɓarin?" domin an daɗe da lura cewa idan na dama ne, sau da yawa har da magana yake tafiya.

Safiyar farko

Sau da yawa da sassafe abin yake zuwa. Dattijo ya ɗauki buta ya zagaya, aka ji shiru, aka leƙa aka same shi a ƙasa. Ko uwargida tana damun fura, ludayi ya suɓuce mata, ta buɗe baki za ta kira kishiyarta maganar ta fito a dagule. Ko mutum ya kwanta lafiya lau ya wayi gari ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukarsa.

Kafin a ce kwabo gida ya cika. An ciccibo shi zuwa zaure ko ɗaki, an shimfiɗa tabarma, wannan na fifita, wancan na yayyafa ruwa. Babban ɗansa ya durƙusa a kansa yana cewa, "Baba, kana jina? Baba, ɗaga hannunka." An aika yaro ya kira liman, wani ya ruga gidan wanzami. Nan da nan an wanko rubutu, an cusa cokali tsakanin haƙora, an ɗura. An yi hayaƙi, an shafa man shanu da tafarnuwa a ɓarin da ya saki, wanzami ya kafa ƙaho don a fitar da mataccen jini. Idan a banɗaki aka tsince shi, to magana ta ƙare: "Iska ta taɓa shi." Wata tsohuwa ma takan ƙara da cewa ciwon ba na asibiti ba ne, allura tana ƙarasa mai shi.

Duk wanda ya yi ɗayan waɗannan abubuwa ƙauna ce ta sa shi. Ba a barin mara lafiya shi kaɗai a Sarandosa, kuma wannan arziki ne da birane da yawa suka rasa. Amma cikin wannan hidima akwai abin da ke kisa. Kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye sukan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko. Ruwan da aka ɗura musu, rubutu ne ko kunu, maimakon ya gangara ciki sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Wani zai ƙware a gani, wani ko tari ba zai yi ba. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya fara kurari. A lokacin ne ake neman mota, kuma a lokacin ciwo ya zama biyu.

Batun banɗaki ma yana da bayaninsa. Jinin ɗan Adam yakan fi hawa da safe, a awannin farko bayan tashi daga barci, daidai lokacin da ake zagayawa. Mai hawan jini da ya tsuguna yana yunƙuri ya ƙara wa jijiyoyin kansa nauyi a kan nauyi. Wasu malamai sukan yi tofi su ce a ɗauke shi a tafi, domin addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Duk mai noman rani ya san hanyoyi biyu da kwamin albasa ke rasa ruwa alhali inji na aiki: ko laka ta toshe tiyo, ko tiyo ya fashe ruwan ya malale inda ba a so. Haka jijiyoyin jini suke yi wa ƙwaƙwalwa. Gudan jini yakan toshe jijiya, sashen da take shayarwa ya fara mutuwa. Ko kuma jijiyar da hawan jini ya daɗe yana gajiyarwa ta fashe, jini ya kwanta ya danne abin da ke kewaye da shi. Hannun da ya saki lafiyarsa ƙalau, mai ba shi umarni ne ya samu rauni. Kuma saboda hanyoyin umarnin suna gittawa kafin su sauka jiki, raunin hagun ƙwaƙwalwa a dama yake bayyana. A wajen yawancin mutane cibiyar magana tana hagu, abin da masu tambayar "wane ɓarin?" suka gano da ido ke nan.

Wani lissafi da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 suke mutuwa a kowane minti. Ba sa sake tohowa.

An yi babban bincike kan wannan ciwo a Najeriya da Ghana, wanda ake kira SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna ciki. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya duba majinyata 2,118. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa, wato fashewar ta ninka abin da ake gani a Turai da Amurka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Kuma kimanin tara cikin goma na ciwon, hawan jini ne silarsa.

Gane shanyewar jiki ba ya buƙatar karatu. A ce wa mutum ya yi murmushi, a duba ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannu biyu, a ga ko ɗaya zai sulale. A ce ya faɗi sunansa da na garinsu, a saurara. Wani kuma gani ne yake ɗaukewa a ido ɗaya, ko jiri ya kwashe shi, ko ciwon kai mai tsananin da bai taɓa jin irinsa ba ya sare shi farat ɗaya. Wanda ya fara gani ya duba agogo ko wayarsa, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya.

Akwai kuma wanda ke zuwa ya wuce. Hannu ya mutu minti goma ya dawo, harshe ya yi nauyi ya sake, mutum ya ce gajiya ce ko sanyi, ya saɓa hauya ya tafi gona. Wannan sallama ce ciwon ya yi. Haɗarin babbar faɗuwa ya fi yawa a kwana biyun farko bayanta, kuma wanda ya je asibiti a ranar yana iya tsallake ta gaba ɗaya.

Hanyar asibiti

Daga tabarmar zaure zuwa gadon asibiti akwai matakai, kowanne da abin da yake ci. Sai an yi shawara, domin ba a ɗaukar dattijo ba da yawun ƙannensa ba, ba a fita da matar aure ba da izinin mijinta ba, shi kuwa wataƙila yana can wurin cin rani. Sai an haɗa kuɗi: a auna buhun gero, a ja rago, a buga wa ɗan da ke Legas ko Abuja waya. Sai an sami abin hawa. Idan mashin ne, mutum uku ake hawa, mara lafiya a tsakiya, na baya ya rungume shi, ƙafar da ta mutu tana jan ƙasa idan ba a lura ba. Da damina hanya tana ƙara nata.

Zangon farko shi ne babban asibitin Maiyama ko na Jega. A nan za a auna jini, a auna suga, kuma wannan awo na biyu ba ƙaramin abu ba ne, domin faɗuwar suga takan yi kama da shanyewar jiki sak, a ba mutum suga ta jijiya ya tashi zaune. Amma sanin ko toshewa ce ko fashewa sai da hoton kai na na'urar CT, ita kuwa sai manyan asibitocin birni. Daga ƙasar Maiyama akan fara da Birnin Kebbi, inda Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya suke, wanda har yau aka fi sani da FMC. Idan abin ya kai ga tiyata sai a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Jega ta Aliero da Tambuwal.

Hoton yana da muhimmanci saboda maganin ɗayan guba ne ga ɗayan. Asfirin yana taimakon mai toshewa, yana ƙara wa mai fashewa zubar jini. Mai kemis da ya miƙa shi kafin a ɗauki hoto caca ya yi da ran mutum. Haka ma wanda ya ga awo ya hau ya yi gaggawar faɗo da jinin lokaci guda, yana iya hana ƙwaƙwalwar ɗan abin da take samu.

A ƙasashen da suka ci gaba, tun 1996 ake amfani da allurar da ke narkar da gudan jini, wadda yanzu ake bayarwa cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwo. Daga 2015 kuma zaro gudan da siririyar waya ta cikin jijiya ya zama aikin yau da kullum a manyan cibiyoyinsu. A Najeriya asibitoci ƙalilan ne a manyan birane suke yin waɗannan, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin manomi. Wannan ne ke sa wasu su ce, to mene ne amfanin wahalar da shi a hanya?

Amfanin yana da yawa. Yawancin waɗanda ke rasuwa bayan kwanakin farko ba raunin ƙwaƙwalwar ne kaɗai ke kashe su ba, abubuwan da ke biyo baya ne: ciwon huhu, ƙishirwa, gyambon kwanciya, ciwon mafitsara, daskarewar jini a ƙafa. A asibiti za a gwada haɗiya kafin a ba shi komai, idan ba ta yiwuwa a sa robar hanci. Za a sauko da jini a hankali, a daidaita suga, a kashe zazzaɓi, a saurari zuciya ko bugunta mara tsari ne ke harbo gudan jini zuwa kai. An tabbatar tun shekarun 1990 cewa irin wannan kulawa mai tsari, ko babu allura mai tsada, tana rage mutuwa da naƙasa. Abin da ya rage wa mutanen gida kafin a isa kaɗan ne: a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi, kada a sa masa komai a baki.

Ɗakin jinya

Bayan mako ɗaya ko biyu ana dawowa gida, wani da sallamar likita, wani don kuɗi sun ƙare. Kwanakin farko 'yan dubiya ba sa yankewa. "Sannu Baba, ya jiki? Allah shi ba da lahiya." A ajiye kwanon fura ko 'yan kuɗi a gefen tabarma. Sannu a hankali ƙafa takan ɗauke, a bar matarsa ko 'yarsa ko surukarsa da aikin. Idan mace ce ta faɗi, sau da yawa ɗiyarta ce za ta baro ɗakin mijinta, ko a cire jika daga makaranta.

Aikin ba na rago ba ne. Mai jinyar da ta ƙware takan juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, ta duba ƙugu da diddige da kafaɗa ko fata ta fara canza launi. Takan canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe, domin leda da fitsari da zafin bazara su ne ke buɗe gyambo. Lokacin cin abinci takan jingina shi ya zauna sosai, ta dama kunu da kauri saboda mai ruwa-ruwa ya fi saurin ƙware shi, ta ba shi rabin cokali, ta jira ta ga maƙogwaro ya motsa kafin ta ƙara. Idan ya gama ta sa yatsa ta share kuncin da ya saki, inda abinci ke maƙalewa, ta bar shi a zaune rabin awa.

Wajen ɗaga shi ne ake yawan yin ɓarna. Samari masu ƙarfi sukan kama hannun da ya mutu su ja. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, sai gaɓar ta zame, ciwo mai hana barci ya shiga. Daga nan wani zai ce a kai shi Aliero. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har wajen jihar a kan karaya da targaɗe, amma a nan ƙashi bai karye ba, kuma ɗaure hannu da karare yana ƙara sandarar da shi. Ta ƙugu da bayan kafaɗa ake tallafar mutum, hannun kuma a ɗora shi a kan matashi.

Abin da ke dawo da jiki shi ne motsi. Sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suna iya koyon aikin waɗanda suka mutu, amma sai an yi ta maimaitawa, kuma mafi yawan sauƙin a wata uku zuwa shida na farko ake samunsa. Likitocin gashin ƙashi suna birni, zuwa wurinsu kowane mako kuɗin mota ne da ba kowa ke da shi ba. Gidajen da suka dace su ne waɗanda suka tura mutum ɗaya ya koyo a asibiti ya dawo yana yi: lanƙwasa kowace gaɓa da miƙe ta safe da yamma, zama a bakin gado, tsayuwa da dafa bango, sannan taku. Wasu sukan kafa itace biyu a tsakar gida su gitta gora ya riƙa dafawa yana kai da komo. A ba shi tsabar wake ya tsince daga faifai zuwa kwano, a ba shi carbi a hannun da ya raunana. Tausayin da ke cewa "bar shi ya huta" shi ne ke mayar da mutum gurgu na dindindin.

Wanda maganarsa ta tafi yana da wata jarrabawar. Yana ji, sau da yawa yana ganewa, ya san abin da yake son faɗi, kalmar ce ba ta zuwa. Zai nemi ruwa ya ce takalmi. Yara su yi dariya, manya su fara magana a kansa kamar ba ya wurin, har a ce ya taɓu. Hankalinsa na nan. Abin mamaki, wanda ya kasa faɗin sunan matarsa yakan iya jero Fatiha ko salati ba gargada, domin abin da harshe ya saba da shi tun yarinta ta wata hanya yake fitowa. Daga nan mai haƙuri yake farawa, kalma ɗaya bayan ɗaya.

Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi wannan ciwo baƙin ciki mai nauyi yakan kama shi. Magidancin da ya saba a jira shi kafin a buɗe rumbu, yau surukarsa ce ke kai shi bayan gida. Yakan juya fuska bango ya ƙi abinci. Akwai maganinsa a asibiti, akwai kuma wanda ke hannun gari. A fito da shi zaure, a nemi shawararsa kan gonar da za a shuka da 'yar da za a aurar, a ɗauke shi zuwa masallaci ya yi sallarsa a zaune cikin sahu. Abokan majalisa da suka mayar da hirarsu ƙofar gidansa sun yi masa abin da ƙwaya ba za ta yi ba.

Ba tsofaffi kaɗai ba

Mace mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, kanta na sara, ganinta na dushewa, jininta ne ya hau, kuma ƙarshensa jijjiga ko fashewar jijiya a kai. Awon ciki yana kama wannan tun da wuri. Bayan haihuwa ma haɗarin bai wuce ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Zuciyar da ta raunana takan tara gudan jini ta harba shi kai. Mai jegon da numfashinta ke sama-sama, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti take buƙata, kuma ungozoma ce ta fi kowa damar faɗin haka.

Akwai kuma yara masu sikila. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan ba a yi rigakafi ba, kimanin kashi 11 cikin 100 na masu nau'inta mai tsanani sukan gamu da shanyewar jiki kafin shekara 20. Yaro ɗan shekara shida ya tashi yana jan ƙafa, a ce mayu ne ko shan inna. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun auna gudun jini a jijiyoyin kan irin waɗannan yara da na'urar sauti, suka ware masu haɗari suka ɗora su a kan maganin haidroksiyuriya. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna ko ƙaramin kaso na maganin yana kare su. Iyayen mai sikila suna da hujjar tambayar likita wannan awo.

Gishiri, ganye da abin awo

Hawan jini ba ya ciwo. Wannan ce dabararsa. Ka ce wa manomi mai shekara 45 ya zo a auna shi, zai ce, "Ni ban jin komi, lahiyata lau." Wanda aka auna aka ga ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, aka ba shi magani, yakan sha na wata guda, ya ji garau, ya ajiye. Wani tsoron sabo ke hana shi, wani an ce masa yana rage ƙarfin namiji, wani kuma ranar da kuɗin magani suka yi karo da kuɗin taki, taki ne ke cin nasara. Sai mai tallar magani da lasifika ya zo kasuwa da jarka yana alkawarin warkar da hawan jini cikin kwana bakwai. Ba a warkar da shi, riƙe shi ake yi, kullum, har da azumi, inda mai shan ƙwaya ɗaya a rana yake iya sha da sahur ko bayan shan ruwa bisa shawarar likita. Irin su amlodifin suna cikin magunguna masu sauƙin kuɗi, kuma sayen na shekara guda bai kai abin da mako ɗaya na jinya a birni ke ci ba.

Tukunya ma tana da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Miyar yau kuwa gishiri ne, ga dunƙule uku ko huɗu, ga kanwa, ga yaji mai gishiri a gefe. Sannan ga haɗin maganin gajiya da ake saya wurin mai kemis bayan an taso daga gona, mai ɗauke da irin su diklofenak, wanda yawan shansa ke ɗaga jini yana taɓa ƙoda. Taba ma tana cikin sahu.

A ɗaya gefen, binciken SIREN ya gano cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira daga ciwon nesa ba kusa ba. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo, duk suna bayan gida da bakin gona. Kwaɗon da ake yi wa kallon abincin talaka ya fi tsiren kasuwa amfani ga jijiya, in dai an rage masa gishiri.

Sarandosa ba za ta sami na'urar hoton kai a kusa ba, awa huɗu da rabin nan kuma da wuya su ishi mai tasowa daga ƙauye. Amma abin awon jini mai batir yana shiga aljihun riga, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya aiki da shi. 'Ya'yan gari da ke aiko da kuɗin jinya daga birane za su iya aiko da shi tun kafin a faɗi. Guda ɗaya a hannun ma'aikacin lafiya bayan sallar Juma'a, guda ɗaya a hannun mace mai ilimi da ke shiga gidaje, da littafin da ake rubuta suna da awo, sun isa su bankaɗo mutanen da ke yawo da jini a sama ba su sani ba. Direba ɗaya da gari ya amince da shi, wanda za a buga wa ko tsakar dare ya zo a biya daga baya, zai rage kwana uku su koma awa uku.

Wanda ya kamata a fara aunawa shi ne wanda ya riga ya faɗi sau ɗaya, domin ya fi kowa kusa da ta biyu, kuma ta biyu ta fi muni. Bayansa sai ƙannensa da 'ya'yansa, tunda hawan jini yana bin gida. Ranar da aka je dubiya an same su duka a wuri ɗaya, a nan ya kamata a naɗe hannun riga.